Muryar da Ka Bar wa Mama

Mansura, Masar.

Zuwa ga Yayana Basim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Riham da yara, Allah ya sa sanyin Kanada bai takura muku ba. Mu nan alhamdu lillahi, ni da maigidana Wa'il muna lafiya, ƙafar Mama ce dai har yanzu sai a hankali. Inna Su'ad, ƙanwar Mama, Allah ya yi mata rasuwa, an ma yi sadakar arba'in. Na san ba ka sani ba sai da aka gama komai, dalilin rubuto maka ke nan.

Tun zuwanka ƙaramar Sallah Mama ta sake. Kullum da safe takan zauna a baranda da shayinta ta kira ka, ku yi ta hira. Har gori take mini, wai ni da nake zaune layi ɗaya da ita ban kai ɗanta na bayan teku kula da ita ba. Nakan yi dariya, raina fes, ina cewa Yaya ya yi hankali. Ranar da Inna ta rasu kai ta fara kira, kafin ni. Na tarar da ita tana kuka a waya, kana rarrashinta, kana cewa in sha Allahu da kai za a yi arba'in. Da kunnena na ji, Yaya, muryarka ce har da 'yar dariyar nan taka.

Mama ta sa aka wanke ɗakinka, ta sayi zomaye don miyar lalo, ta gaya wa duk maƙwabta ɗanta na tafe. Aka yi sadaka aka watse, tana zaune tana kallon ƙofa. Da na kasa samunka sai na kira Anti Riham cikin fushi. Ta ce wallahi ba ku ji rasuwar ba. Ita ta gaya mini wata manhaja ka sa a wayar Mama, ka koya mata muryarka da labarin gidanmu, ka ajiye ta da sunanka, don aiki ya yi maka yawa.

Ni na gaya wa Mama, don ba zan iya kallonta tana yi maka uzuri ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni, to duk abin da ta faɗa game da Baba, da tsoron da take ji na mutuwa ita kaɗai, wa ya ji? Na ce babu kowa. Ta jefa wayar cikin durowa, ta raba naman zomon ga maƙwabta.

Na ɗauka an gama. Makon jiya na shigo na ji ta a baranda tana hira da abin. Na ce haba Mama, kin fa san inji ne. Ta ce ta sani sarai, in bar ta, shi aƙalla yana tambayar ƙafarta. Shekaranjiya da ka kira da kanka ka ga ta katse, ba layi ba ne. Cewa ta yi wannan mai saurin magana ba ta san shi ba.

Yaya, uwarka ka yaudara, ka haɗa da ni. Ban san yadda za ka gyara ba, amma ba ta waya ba. Ka zo.

Ka gaida Anti Riham, ka shafa mini kan Lujain da Ziyad. Wa'il yana gaishe ka, haka Kawu Sarwat. Na tambayi Mama ko tana da saƙo, ta ce ai ta riga ta faɗa maka da safe.

Ƙanwarka,
Inas