Sunan Kamila a Waya

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Na koma aiki a sito na Madam Ifunanya, Sabon Gari. Ta rungume ni. Na shigar da katan-katan na sabulu a wayar aiki, na tura. Can sai ga rubutu: "Kamila ta amince." Sunan 'yata ne. Ita kuwa tana makabarta.

Talata, 6 ga Mayu
Ashe Agnes, abokiyar aikinta, ke shiga da lambar sirrinta. A manhajar, 'yata kaɗai aka ba matsayin mai amincewa da kaya. Ni nawa shigarwa ne kawai, ita ma ta samo min aikin. Agnes ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, in ba haka ba kaya ba za su fita ba." Na ce ta ci gaba.

Alhamis, 15 ga Mayu
'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Yanzu waya ke faɗa min shi kullum. Har raba kaya biyu nake yi don in tura sau biyu. Allah ya yafe min.

Laraba, 21 ga Mayu
Kenechukwu mai kula da kwamfuta ya zo. Wai izinin na kujera ne, ba na mutum ba, za a mayar wa Agnes a rufe na marigayiya. In ɓarawo ya samu lambar, da sunanta zai yi ɓarna. Na ce, "Wa ta tsare wa hanya?" Ya sunkuyar da kai. "Mama, ba zan rufe ba sai kin ce."

Asabar, 24 ga Mayu
Ban je aiki ba. Ciwon kai.

Litinin, 26 ga Mayu
Maganar ɓarawon nan ta tsaya min a rai. Yarinyar da ko allura ba ta taɓa ɗauka ba. Na sami Kenechukwu na ce, "Rufe na Kamila." A gaban mutane ya fita daga bakina. Na shige bayan buhunan shinkafa na yi kukana.

Talata, 10 ga Yuni
Kaya sun yi yawa yau, mota biyu daga kasuwar Singa. Na yi wa Agnes faɗa ta bar abincinta ya huce. Sai da na sauka a Fagge na tuna ban duba sunan wanda ya amince ba. Gajiya ce.