Hannun Baba Muka Ɗaure, Ashe Ciwon Yana Kai

Zuwa ga mai girma Kwamishinan Lafiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomin albasa ne daga Aliero, kuma maganar mahaifina ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Na farko. Baba ya faɗi a fadama muna ban ruwa. Hannunsa da ƙafarsa na dama suka saki, magana ta ƙi fita. A ƙaramin asibitin da muka fara kai shi, allura aka yi masa aka sallame mu, ba wanda ya ce mana uffan game da ƙwaƙwalwarsa. To, mu mutanen Aliero, kowa ya san mu da ɗori. Wanda ya faɗi hannu ya ƙi motsi, ina za a kai shi in ba wurin mai ɗori ba? Aka sa wa hannun karare aka ɗaure, muka zauna jiran ƙashi ya kama.

Na biyu. Da abin ya ƙi, ƙanena mai sayar da hatsi a kasuwar Jega ya matsa muka kai Baba wani babban asibiti can kudu. Ranka ya daɗe, abin da na gani ban taɓa zaton ɗan Adam ya kai gare shi ba. Aka ɗura wa Baba wani ruwa ta jijiya, aka tura kansa cikin na'ura, ba wuƙa ba yanka, sai ga ƙwaƙwalwarsa a allo! Likita ya nuna mini inda jini ke gudu, da yawan da ke isa kowane sashe. Subhanallahi! Kamar fangalin albasa in an sako ruwa: nan ya sha, nan ya sha, sai wani wuri a hagu ya yi duhu, hanya ta toshe. Wai hagun kai ke juya hannun dama. Wallahi na yi ta tasbihi a tsaye.

Na uku, kuma nan ne ɓacin raina. Likita ya ce da an gane da wuri, da an ceci gefen wurin kafin ya bushe. Ni na san abin da ke samun albasar da ruwa ya yi wa latti.

Roƙona biyu ne. A nemo wa sabuwar jiharmu irin wannan na'ura. Kafin nan, a koya wa ma'aikatan asibitocin Jega, Aliero da Maiyama, a kuma faɗa a rediyo, cewa in ɓarin jiki ya saki baki ya karkace, kan mutum za a duba.

Baba yana gida. Da aka kwance kararen, ko tsagewa babu a ƙashin. Yana kallona, leɓensa na motsi, har yau sunana bai fito ba.

Allah shi yi maka jagora, shi tsare ka da iyalinka daga ganin irin wannan rana.

Wassalam.

Umaru Garba, Aliero