Na Rantse Ba Zan Wanke Gawarsa Ba

Malama Najat, ki taimake ni, na gaji da magana da bango. Tun zuwana Bronx a Amurka ni ke wankan gawar maza a masallacinmu na Morris Heights, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. In rasuwa ce a nemo ni, in suna ne a manta da ni. Ban yi boko ba, waya nake faɗa wa tana rubutawa, sai ki yi haƙuri da ita.

Yanzu kuma wasu yara sun kafa tebur a ƙofar masallaci duk Juma'a, da riguna iri ɗaya da alewa a kwano, wai mutum ya yi rajista in ya mutu a cire ƙodarsa da hantarsa a sa wa wani. Sai ka ce mahauta! Yaran da ko likkafani ba su iya naɗawa ba. Ni na taɓa wanke wanda aka yi wa haka, ɗinki daga ƙirji har mara kamar buhun gero. Na tambayi liman, ya ce akwai saɓani. Shekara da shekaru amsar ke nan. Shi ya sa na miƙe bayan salla na rantse da Allah, duk wanda ya sa hannu ba zan taɓa gawarsa ba.

Juma'ar da ta wuce, wa zan gani a teburin yana raba takardu yana washe baki? Souley! Aminina, mutumin Maraɗi, wanda muka yi alkawari duk wanda ya riga tafiya ɗayan ne zai wanke shi. Tsoho tukuf, wa ma ke son ƙodarsa? Wai don matarsa Damata ta rasu tana jiran ƙoda. Allah ya ji ƙanta, amma ai kwananta ne ya ƙare. Ga rantsuwa, ga alkawari, shi kuma ba lafiya ce ta ishe shi ba. Wanne zan karya? Kar ki ce mini akwai saɓani. Yau dai wani ya amsa mini!

Mai Wanka, Bronx

Amsa:

Baba, sannu da aiki, Allah ya saka. Wanda ya ga abin da idonka ya gani, ba a raina tsoronsa. Liman bai yi maka ƙarya ba: malamai da yawa sun halatta, wasu sun hana, kuma ba mai tilasta maka rajista. Amma ban san malamin da ya ce a ƙi wanke Musulmi saboda ya ba da ƙoda ba.

Rantsuwarka ta fushi ce, kuma tana da kaffara: ciyar da miskinai goma, in ba hali azumin kwana uku. Ka tuntuɓi liman. Alkawarin Souley kuwa ba shi da madadi. Ba yara ne suka ruɗe shi ba, jinyar matarsa ce ta zaunar da shi a teburin. Kuma a gaban jama'a ka rantse, don haka shi ma ya ji.

Ka je gidansa kafin Juma'a. Ba sai ka yabi teburin ba. Ka gaya masa da bakinka kai ne za ka wanke shi, da ɗinki ko babu.

Allah ya ba shi lafiya, ya ja kwananku ku biyu.