Layin da Ba Ya Fita

Litinin, 6 ga Oktoba 2025
Na dawo daga Funtuwa da sabuwar waya, ba ta da ramin sim. Layin gidanmu an mayar da shi eSIM, yana cikinta ba a ganinsa. Na ce wa abokina Buba layina aljani ne, nasa kuwa ɓawon gyaɗa. Ni da na sha musanya wa su Buba sim suna barci, yanzu su rama in gani.

Talata, 7
Gwaggo ta tambayi ina ɗan katin. Na ce ya tafi Umara. Ba ta yi dariya ba. Wannan lambar kaɗai Yaya Abdussamad ya haddace, daga wurin haƙar zinariya a Nijar yake aron waya duk Juma'a ya kira ta. Na ce lamba tana nan, tsohuwa ki kwantar da hankalinki.

Alhamis, 9
Wayar ta faɗo daga aljihu muna loda masara, buhu ya bi ta kai. Gilashi baƙi ƙirin. Ba laifina ba ne, abokin aikina Talha ne ya saki buhun.

Juma'a, 10
Ta yi ƙara bayan an sauko masallaci. Na shafa, na danna, har tofi na yi mata, ta ƙi ɗauka. Buba ya ɓalle bayan 'yar rakani-kashinsa ya miƙo, wai in zaro aljanin in sa a nan. Da mai kati ne, kafin ta katse an gama.
Gwaggo ta riƙe ta a kunne tana ƙara, tana cewa "Ina jinka, Audu." Har kiran ya katse.
To, waya ai takan fashe. Wa ya taɓa mutuwa don kira ɗaya.

Litinin, 13
Ofishin layi sun ce sai wanda ya yi rajista ya zo da yatsansa. Yatsan na Yaya Abdussamad ne, yana Nijar. Lambar da ya kira da ita ma tana bayan baƙin gilashi. Mai gyara ya ce sai an kawo gilashin daga Kano. Duk da haka eSIM ta fi, mutanen garinmu Ƙarfi ne ba su waye ba.

Laraba, 15
Ina yi wa Talha casar masara, shi zai biya gilashin. Yana kirana Sarkin Aljanu. Zai gani.
Gwaggo ba ta taɓa tuwonta ba.

Juma'a, 17
An sa gilashi jiya. Yau Yaya ya kira. Cewa ya yi wancan makon ya ɗauka rasuwa aka yi, har ya fara neman mota. Gwaggo ta ce masa yara ne da wasa.
Kafin ya kashe na karɓa, na karanta masa lambar Buba, na sa ya maimaita har ta zauna masa kamar Ƙulhuwallahu. Ba wai tasa ta fi tawa ba. Buba dai ba ya loda masara.