Wata Bakwai Saba Tana Aiko Maka da Saƙo

Zuwa ga Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cina sai kai, don kai kaɗai za ka gane shi ba sai na yi ta bayani ba.

Gida lafiya. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, har yanzu idan ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ta ɗaga kai. Anti Rukayya ta fita takaba, ta koma gidansu a Gyallesu da yaran, ina leƙa su ranar Asabar. 'Yarka Ummi ta cire haƙoran gaba, tana dariya tana rufe baki. Babur ɗinka ni nake hawa, kuma na gyara birkin da ka shekara kana cewa gobe.

A asibiti ne babu lafiya, Yaya. Ranar Litinin aka kawo wuta da ƙarfi, saba ta ƙone, babbar kwamfutar nan da ka shekara tara kana lallaɓawa, wadda duk bayanan masu sikila suke ciki. Wallahi ban firgita ba. Har na cika baki a gaban Dakta, shugaban asibiti, na ce kafin la'asar komai zai dawo, ai muna da kaset ɗin da saba ke kwafe bayanan a kai kowane dare. Tun da ka rasu ban tsallake rana ɗaya ba. Kullum in cire na jiya, in rubuta kwanan wata a jikinsa, in saka na yau, in kai na Alhamis gida in ajiye a akwatin ƙarfen nan kamar yadda ka saba.

Na haɗa na'urar kaset da wata kwamfutar, na zauna gaban baƙin allo. Na ba manhajar mt umarni ta juya kaset zuwa farko, na ce wa manhajar tar ta jero min abin da ke ciki. Shiru. Na saka na Laraba, na Talata, na hau babur na ɗauko na gida. Haka na yi ta baya-baya, gumi yana zuba, sai da na kai kan kaset mai rubutun hannunka, na makon da ka kwanta ciwo, sannan sunayen fayiloli suka fara gangarowa. Duk wanda ke da rubutuna a jiki fanko ne. Wata bakwai, Yaya!

Ka tuna ranar da na zo duba ka, kana kwance da ƙarin ruwa a hannu? Ka ce min abu biyu. In canza adireshin da saba ke aika rahoto, ya dawo akwatin saƙona, kuma duk Juma'a in gwada dawo da fayil ko da ɗaya ne daga kaset. Na ce to, har da tsokanarka cewa ko a gadon asibiti ba za ka bar mutum ya huta ba. Bayan sadakar uku na buɗe fayil ɗin adireshin, na ga sunanka a layin, hannuna ya ƙi goge shi. Na rufe na ce gobe. Wannan uzurina ne na makon farko. Sauran kuwa lalaci ne kawai, ba zan yi maka ƙarya ba. Ina ganin kaset ya fito da kansa da safe, sai in ɗauka aiki ya yi.

Faifan da akwatunan saƙo suke kai bai ƙone ba, don haka jiya na buɗe naka. Kowace rana akwai saƙo ɗaya, maganar kuma ɗaya ce: rubutu ya gaza, kan na'urar kaset yana buƙatar gogewa. Kaset ɗin gogewar yana cikin durowarka, ƙarƙashin carbinka, aikin minti biyu. Saba ba ta ɓoye komai ba, kai take ta faɗa wa, ni kuma ina zaune a kujerar kusa ina shan shayi.

Ka san Firdausi, yarinyar nan ta Hanwa da take kiranka Baban Kwamfuta? Wata huɗu da suka wuce an yi mata ƙarin jini, jikinta ya ƙi karɓa, da kyar aka ceto ta. Likitan da ya gano irin jinin da ba ya yi mata ya rubuta a kwamfuta, ya bar aiki, ba a samunsa a waya. Yanzu tana kwance, tana buƙatar jini, sai an sake gwaje-gwaje daga farko. Mahaifiyarta ta tare ni a baranda ta tambaye ni ko takardun sun fito. Me zan ce mata? Na ce ana kan aiki.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Yau da safe Dakta ya tara ma'aikata. Ya ce ya fahimci tsarin da marigayi ya bari ne yake da matsala tun asali, ba laifin Nasiru ba ne, yaro ya bi abin da ya tarar. Wata nas ta ce dama kai ba ka son kowa ya taɓa maka kaya. Ina zaune, saƙonnin nan suna cikin wayata, na ɗauke su hoto. Na tuna Inna, na tuna ni kaɗai na rage mai kawo cefane gidan, na tuna idon mahaifiyar Firdausi idan ta ji gaskiya. Sai Dakta ya ɗaga hannu ya ce a yi maka addu'a, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kuskurenka.

Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, Yaya. Na shafa.

Shekara tara ba ka taɓa rasa fayil ɗaya ba, ni na sani, ni ne shaida, kuma ni ne na bari aka ɗora maka don ba ka da bakin magana. Na je ƙofar ofishin Dakta sau biyu bayan azahar, na juyo. Na ce gobe, kuma ka san ni da gobe. Ina tsoro, ina jin kunyarka, ban san ko zan iya ba. Da kana nan da ka ja kunnena ka shige gaba mun tafi tare. Yanzu wa zai shige min gaba?

Ka yafe min idan ana yafewa daga inda kake. Allah ya haskaka kabarinka, ya ba Firdausi lafiya.

Ƙaninka da bai ji magana ba,
Nasiru, Tudun Wada.