Tsohuwar da Ke Ɗanɗana Ruwan Rini

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Inna da yara, yaya aikin karofi?

Kawu, na ga abin al'ajabi. Wata abokiyar aikina a asibiti, 'yar Vietnam, ta ja ni baje kolin sana'o'in ƙasarsu kusa da Canal Street. Aka sa mini wani tabarau na kwamfuta, sai ga ni tsaye a ƙauyensu, gaban wata tsohuwa tana rini. Ta tsoma yatsa a ruwan, ta ɗanɗana, ta ƙara toka. Wallahi sak yadda kake yi! Tsigar jikina ta tashi. Aka ce tsohuwar ta rasu, amma da wannan bidiyon da aka ɗauke ta 'yan matan ƙauyen suke koyon rini yanzu.

Na san ka tsani a ɗauke ka a waya kana aiki. Don Allah wannan karon ka bar ɗanka Sani ya ɗauka. Duk zuriyarmu, harshenka kaɗai ya san lokacin da ruwan ya yi daidai.

A sa ni a addu'a. A gaida Inna da mutanen karofi.

'Yarka,
Hadiza