Wanzami Ba Zai Zo Ba

Khadijat,

Na leƙo na tarar kuna barci ke da jaririn, ban so in tashe ku ba. Na tafi Madabo in gaya wa Gwadabe wanzami kada ya zo cire belun nan. Sai la'asar zan dawo.

Jiya da kika ƙanƙame ɗanki kika ce likita ya hana, na yi miki faɗa a gaban 'yan barka, na ce boko ya ɓata ku. Ki yafe mini. Ba haushinki nake ji ba.

Kin sha tambayata me ya sa nake kiran sunanki gatsau, alhali ke ce 'yar fari. To, ba ke ba ce. Akwai yayanki, Muhammad Auwal. Ina shekara goma sha biyar na haife shi. Ranar suna aka cire masa belu, jini ya ƙi tsayawa, washegari kafin azahar ya cika a kan cinyata. Ko kuka ba a bar ni na yi ba, wai ɗan fari ne, da kunya. Aka ce kwanansa ne ya ƙare, ni ma haka na yi ta faɗa shekara talatin. Sai jiya na ga ashe uwa tana iya cewa a'a.

Ruwan wankanki yana kan murhu, ki surka yadda jikinki zai iya. In za ki kai shi rigakafi ki hau tasi, ban da acaɓa.

Idan kin gama biƙi kin koma salla, ki sa yayanki a addu'a, ki ambaci sunansa.

Umma